Gari a Jikin Ƙyalle: Lacca Kan Zanen Liƙe-liƙe da Bargon Ƙyallaye

 

 Iyayenmu mata da ke sahun gaba, malamai, ɗalibai, da teloli da dukawan da na hango can baya sun kulle shaguna sun zo, barkanku da yamma.  

An nemi in yi magana a kan sana'o'in hannu biyu da suke 'yan ɗaki ɗaya. Ta farko ita ce zanen liƙe-liƙe, wanda Turawa ke kira kolaj: a yayyanka takarda ko hoto ko ƙyalle, a jera, a liƙe a kan allo guda har sura ta fito. Ta biyu ita ce bargon ƙyallaye, musamman irin wanda ake fitar da hoton wuri a jikinsa, dutse da kogi da gona da rufin gidaje. Na san akwai wanda tun da ya ga katin gayyata yake cewa a ransa, yanzu don Allah sai a tara manyan mutane saboda tsumma? Ina roƙon wannan bawan Allah ya ɗan yi haƙuri da ni.

Hujjar da nake so in kafa ita ce: waɗanda suka fi yin abin kirki da wannan sana'a mutane ne da babu wanda ya damu ya rubuta labarin garinsu, sai suka ɗauki allura suka ɗinka shi. Kuma sau da yawa, da aikin nasu ya yi daraja, wani ne ya kwashi ribar. Zan bi batutuwa shida, wasu da sauri, wasu in ɗan daɗe.

Batu na farko, daga ina abin ya faro?

Littattafan tarihin zane za su ce muku 1912, a Faransa. A wannan shekara Pablo Picasso ya samo guntun shimfiɗar tebur mai zanen saƙar kujera, ya liƙa a jikin zanensa, ya zagaye shi da igiya. A watan Satumba na shekarar abokinsa Georges Braque ya sayi takardar ado ta bango mai kama da katako a wani kanti a garin Avignon, ya yanka ya liƙa, ya yi zane da gawayi a kai. Daga nan masana suka ce an buɗe sabon babi. Ban musa ba, an buɗe. Amma abin da ya faru a 1912 shi ne manyan ɗakunan nuna zane sun fara kallon almakashi da gam da mutunci. Shi aikin kansa ya riga su.

Ga misali ɗaya. Wata dattijuwa a Ingila, Mary Delany, ta fara yanka takardu masu launi tana haɗa furanni a kan baƙar takarda tana da shekara 72, wajen 1772. Kafin idonta ya gaza ta yi guda 985, kuma masana tsirrai suna iya gane kowane fure da sunansa. Suna nan a babban gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Shekara 140 ke nan kafin Picasso.

Mu ma nan, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla ya ga 'yan lifidi. Mene ne lifidi? Yadi a sama, yadi a ƙasa, auduga a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda, a ƙawata samansa da yanke-yanken ja da rawaya da kore. Wannan shi ne ainihin ginin bargon da muke magana a kai, hawa uku da ɗinkin da ke riƙe su, sai dai kakanninmu don kibiya da mashi suka yi shi. Dukawa kuma da ke yanka jar fata da koriya suna ɗorawa a kan tumtum da jaka, aikin liƙe-liƙe suke yi da allura. A Sudan, jibbar mabiya Mahadi a ƙarshen ƙarni na 19 ta fara ne a matsayin rigar faci ta masu gudun duniya, daga baya facin ya koma ado da ake yankawa da gangan. Saboda haka hannunmu ya san aikin. Abin da ba mu cika yi da shi ba shi ne fitar da hoton garinmu.

Wanda ya nuna yadda ake wannan da takarda shi ne Romare Bearden, baƙar fata ɗan Amurka. A 1971 ya yi wani aiki mai allo shida, tsawonsa ƙafa 18, na layi guda a unguwar Harlem ta New York: shagon aski, coci, gidan shirya gawa, kantin kayan masarufi. A wasu wuraren ya yanke bangon gidajen, kana ganin mutanen da ke ciki. Wanda ya dube shi yau ya san yadda layin nan yake a wancan zamani fiye da abin da taswirar hukuma za ta gaya masa.

Batu na biyu gajere ne, amma ina so ku riƙe kuɗin da zan ambata.

An haifi Harriet Powers baiwa a jihar Jojiya ta Amurka a 1837. A 1886 ta kai wani bargo mai gida 11, kowane gida da ƙissarsa daga Baibul, bajekolin auduga a garin Athens na jihar. Wata malamar zane, Jennie Smith, ta nemi saye, Harriet ta ce ba na sayarwa ba ne. Bayan 'yan shekaru talauci ya matsa wa gidanta, ta ɗauko bargon ta kai wa malamar da kanta, ta ce dala goma. Malamar ta ce biyar gare ta. Aka sallama a biyar. Kafin ta tafi sai da ta tsaya ta bayyana ma'anar kowane gida, malamar tana rubutawa, kuma daga baya ta riƙa dawowa tana duba shi. Bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington yanzu.

Bargonta na biyu, mai gida 15, yana Boston, kuma shi ya fi shafar batunmu. A ciki ta ɗinka ranar da gari ya yi duhu da rana tsaka a 1780, da daren da taurari suka yi ta zubowa a watan Nuwamba na 1833, da wani matsanancin sanyi na Fabrairun 1895. Biyu na farko sun faru kafin a haife ta. A bakin manya ta ji, ta adana a ƙyalle, kuma da masana suka bincika sun tarar abubuwan sun faru a lokutan da aka ce.

Batu na uku, wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama.

Kogin Alabama ya yi lanƙwasa ya kewaye ƙauyen ta fuska uku. Gonar auduga ce ta bayi tun 1816. A 1845 gonar ta koma hannun wani mai suna Mark Pettway, wanda ya koro bayi kimanin ɗari a ƙafa daga jihar Karolina ta Arewa. Shi ya sa har gobe da yawa daga cikin mutanen ƙauyen Pettway ne sunansu, sunan wanda ya mallaki kakanninsu. Bayan an 'yanta bayi suka zauna a nan suna noman haya, cikin bashi, a ɗakunan katako da iska ke ratsawa. Hotunan da Arthur Rothstein ya ɗauka a can a 1937 sun nuna bangon ɗakunan an lulluɓe shi da shafukan jarida da mujallu don toshe kafofin sanyi. Ku lura da wannan: yarinyar da ta tashi a irin wannan ɗaki, tun tana goye idonta ke kallon liƙe-liƙe.

Da me suka yi barguna? Da abin da ya mutu a jikin mai gida: wandon aiki, rigar gona, buhun taki, buhun gari. In ka tsaya kusa da ɗaya daga cikin na wandon jins, za ka ga inda gwiwa ta ci yadin ya koɗe ya yi fari-fari, ka ga inda aka ɓalle aljihu ya bar tabo mai duhu da rana ba ta taɓa gani ba, ka ga jan ƙasar gona da wanki ya kasa fitarwa. A 1942, bayan mijinta ya rasu, Missouri Pettway ta yayyanka kayan aikinsa ta yi bargon da za ta riƙa lulluɓa da shi. Iyayenmu mata, ba sai na yi muku bayanin wannan ba.

Wani zai ce, ai waɗannan barguna ba su da hoton dutse ko bishiya, layuka ne da murabba'ai. Haka ne. Amma tsarin da suka fi so suna kiransa saman gida, murabba'i cikin murabba'i, kamar mai kallon rufi daga sama ko mai kwance yana kallon azara. Wasu kuma dogayen layuka ne kamar kunyoyin gona. A ganina hoton wuri ne, an dai tace shi har ya rage ƙashi.

Kogin nan da ya killace su shi ne kuma aka yi amfani da shi aka hukunta su. Da suka fara tsallakawa garin Camden don yin rajistar zaɓe, sai hukuma ta dakatar da jirgin fito a 1962. Tafiyar 'yan mintoci ta koma kusan awa guda a mota, ga mutanen da yawancinsu ba su da mota. Jirgin bai dawo ba sai 2006, bayan shekara 44. Martin Luther King ya ziyarce su a 1965, kuma alfadaran da suka ja keken gawarsa a 1968 daga ƙauyen aka kawo su. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar ɗinki ta haɗin gwiwa, a 1972 ta samu kwangilar ɗinka rigunan matashin kai daga kamfanin Sears. Ragowar yadin kwangilar, wani kauri mai gora-gora, suka riƙa kwasowa gida, kuma barguna da yawa da ake yabawa yau da wannan shara aka yi su.

Sai 2002. Aka baje bargunan a gidan zane na Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a New York. Masu sharhi suka rasa inda za su sa kansu, ana ta kwatanta su da manyan masu zanen Turai. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki guda goma masu hoton bargunan. Aka buga su a jikin darduma da kofuna da katuna. A 2007 wasu daga cikin matan suka kai dillalan da suka tattara bargunan kotu, suna cewa ba a biya su haƙƙinsu ba, aka rufe shari'o'in a 2008. Ba ni ne alƙali ba. Abin da ke a fili shi ne gundumar Wilcox, inda ƙauyen yake, har yanzu tana cikin mafi talauci a Alabama. Bahaushe ya riga ya yi wa irin wannan suna: kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Sai a 'yan shekarun nan ne wasu daga cikin matan suka buɗe shagunan kansu a intanet suna sayarwa kai tsaye da sunayensu.

Batu na huɗu, Chile, a Kudancin Amurka, inda hoton gari ya zama shaida.

Ranar 11 ga Satumba 1973 sojoji ƙarƙashin Janar Augusto Pinochet suka kifar da gwamnatin Salvador Allende. Mulkin ya kai 1990, kuma fiye da mutum 3,000 aka kashe ko aka ɓatar. A unguwannin talakawa na birnin Santiago aka bar mata da yara, miji an tafi da shi da dare, ko an kore shi daga aiki. Su je ofishin 'yan sanda a ce ba a san shi ba, su je asibiti, su je ɗakin ajiye gawa. A irin wannan yawo suka san juna. Daga 1974, ƙarƙashin inuwar wani kwamitin coci-coci, sannan daga 1976 ƙarƙashin ofishin agaji da Kadinal Raúl Silva Henríquez ya kafa, suka fara taruwa suna ɗinka ƙananan hotuna a kan yankin buhun gari. Suna kiransu arpillera. Faɗin ɗaya bai fi kamu guda da ɗan wani abu ba.

Bari in kwatanta muku yadda suke. A can sama, kusan ko da yaushe, akwai tsaunukan Andes, da rana ja ko rawaya tana leƙowa. Wannan shi ne hatimin da ke cewa a Chile abin ya faru. A ƙasa ƙananan gidaje masu launi-launi. In ka tsaya daga nesa sai ka ce adon ɗakin yara ne. Matso kusa. Ga wata ƙatuwar tukunya a tsakiyar layi, mata sun kewaye ta, tukunyar taron dangi ce ta unguwar da ba kowa ke iya ɗora tasa ba. Ga zare baƙi daga gidaje zuwa turken lantarki, wutar sata ce, don an yanke musu. Ga ƙofar masana'anta an gicciya mata zare, an rufe. Ga motar soja, ga mata riƙe da kwali suna tambayar ina 'yan'uwansu suke. Mutanen 'yan tsana ne da aka naɗa da ƙyalle aka ɗinka a kai, wani lokaci da yankin rigar wanda ya ɓata. A bayan wasu akwai ɗan aljihu da takarda a ciki, mai ɗinkin ta rubuta abin da ya faru.

Ofishin cocin ne ke saye yana fitarwa ƙasashen waje, kuɗin ya dawo wa matan, a cire wani kaso a zuba a asusun ƙungiya, kamar dai adashi. A lokacin da jaridu ke tsoron buga gaskiya, waɗannan ƙyallaye suna fita cikin akwatunan matafiya. Gwamnati ta gane daga baya, ta ɗauke su a matsayin ɓata sunan ƙasa, an kuma sha ƙwace su. Yawancinsu ba su da sa hannu, kuma wannan karon da dalili, suna a jikin ƙyalle na iya jawo a zo a tafi da mai shi. Yau akwai tarinsu a gidan tarihin tunawa da haƙƙin ɗan Adam da aka buɗe a Santiago a 2010.

Ina tambaya: da waɗannan mata sun jira masu ilmin zane su zo su zana musu unguwarsu, da yaushe za a zo?

Batu na biyar, yadda ake yi. Teloli, nan ku za ku gyara mini in na kauce.

Kafin nan, na san tambayar da ke ran wasu, ta hukuncin sura. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ga malamai nan zaune. Amma sananne ne cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Dutse, kogi, ganuwa, rumbu, kuka, rufin kasuwa, fili ne mai faɗi da mutum zai yi aiki a ciki hankalinsa kwance.

A ce mutum yana son fitar da Dutsen Dala da safiyar hunturu, kamar yadda ake hango shi daga saman bene. Zai fara da shimfiɗa yadin akoko, ya zana manyan layuka uku ko huɗu da alli, kada ya wuce haka. Sannan ya gina daga nesa zuwa kusa. Sama tukuna, sai dutsen ya hau kan gefen sama, sai rufin gidajen nesa su hau gindin dutsen, sai na kusa, sai bishiyar da ke gabanka a ƙarshe. Kowane yanki yana rufe bakin wanda ya gabace shi.

Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne wajen launi. Suna neman kore don bishiya, ruwan ƙasa don dutse, su manta da abin da ya fi muhimmanci, wato haske da duhu. Abin da ke nesa koɗaɗɗe ne, abin da ke kusa ya fi duhu da kaifi. Mu da muke rayuwa cikin hazo mun fi kowa sanin wannan, da hunturu dutsen da ke can nesa kusan launinsa ɗaya da sama. Ga dabara: atamfa mai araha, wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya, juya bayanta, za ka samu koɗaɗɗen launin da kake nema don nesa. Mai tsada ba za ta yi maka wannan ba, don gabanta da bayanta ɗaya ne. Shadda kuma, saboda ƙyallinta, ta dace da ruwan kududdufi. Tsohuwar riga mai shuni ta dace da sararin magariba, amma a wanke ta tukuna har ta daina zuba, in ba haka ba wankin farko zai rine maka gari duka. Gaskiya ma kowane ƙyalle a wanke shi a goge kafin a yanka, don wani yana shiga in ya sha ruwa, wani ba ya shiga.

Kada a yi gaggawar ɗinki. A kafe yankunan da fil, a rataye a bango, a ja da baya taku biyar a duba. A ɗauki hotonsa da waya, a mayar da hoton baƙi da fari. In dutse da gidaje sun narke sun zama abu guda, to launukan sun bambanta amma nauyinsu ɗaya, sai a canza. Bayan an gamsu, ko dai a kalmashe bakin kowane yanki a bi da ɗinkin hannu, wanda shi ya fi jure wanki, ko a bar bakin haka a bi shi da keke, wanda ya fi sauri kuma zaren da ke tsefewa yana ba da kamar ciyawa. Daga nan a sa auduga ko tsohon bargo a tsakiya, yadi a baya, a ɗinke hawa ukun daga tsakiya zuwa gefe don kada ya tattare. Shi ma wannan ɗinki zane ne: a kwance a kan ruwa, a karkace a kan rufin kwano, a zagaye a jikin dutse.

Na takarda ya fi sauƙi, yaro ɗan firamare zai iya. Tsohuwar kalanda, katin biki, kwalin shayi, takardar buhun siminti wadda launinta ya yi daidai da ginin ƙasa. In ka yaga da hannu bakin yana yin laushi, ya dace da gajimare da hayaƙi. In ka yanka da almakashi yana yin kaifi, ya dace da gini. Ƙaro, wanda alarammomi ke sa wa tawada, yana liƙe takarda mai laushi. Sitaci ma yana yi, sai dai kyankyaso da gara suna sonsa. A danne aikin da littattafai masu nauyi har ya bushe, a kuma nisanta shi da rana. Gargaɗi ɗaya ga malaman makaranta: a tantance takardun kafin a ba yara, kada almakashi ya hau kan aya ko sunan Allah.

Batu na shida, fitar da aikin ga jama'a.

Kada wani ya ce abin shara ba ya zuwa ko'ina daga ƙasar nan. El Anatsui, haifaffen Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun daga 1975, da murafen kwalabe da wayar tagulla yake haɗa manyan labulen da aka rataya a babban zauren Tate Modern na Landan a 2023. Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili da kuka sani a NAFDAC, tana haɗa fenti da hotunan mujallu da na iyali, kuma a 2017 an sayar da aikinta guda sama da dala miliyan uku a gwanjo a Landan. Ban kawo waɗannan don in sa wa kowa kwaɗayi ba. Yawancin masu wannan sana'a ba za su ga irin kuɗin nan ba, kuma bargon da uwa ta ɗinka wa 'yarta ta tafi da shi ɗakin miji ya riga ya cika aikinsa.

Amma in za a sayar, a tuna da dala biyar ɗin Harriet Powers. A ɗinka ɗan ƙyalle a baya mai ɗauke da sunan mai aikin, da garin, da shekarar, da sunan wurin da aka fitar. Matan Chile tsoron soja ya hana su, mu mene ne zai hana mu? In an yi kuɗi, a lissafa kwanakin da aka yi ana ɗinki, a daina cewa ai ƙyallen kyauta na samu. In za a sa hoton aikin a Facebook ko WhatsApp, a ɗauka da hasken rana, ɗaya gaba ɗaya, ɗaya daga kusa inda ɗinkin zai fito, sunan mai shi a rubuce. A kuma sani cewa sayar da bargo daban, ba da izinin buga hotonsa a kalanda ko atamfa daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta shafi ayyukan zane, kuma miƙa wannan haƙƙi sai a rubuce. Dillali ba abokin gaba ba ne, ba don dillalai ba da bargunan Gee's Bend ba su je New York ba. A dai zauna da shi a matsayin ƙungiya, da takarda, da shaidu.

Me ya sa nake ganin abin na gaggawa ne? Saboda garuruwanmu suna sauya kama a gaban idonmu. A Kano an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Ganuwa tana zaizayewa, ana cike kududdufai ana gini, gidajen ƙasa masu zanko suna komawa bulo. A wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da Borno mutane sun bar gida ba shiri, kuma taswirar ƙauyen, inda rijiya take, inda kukar dandali take, tana kan tsofaffin mata ne kawai a inda suke gudun hijira. A lokaci guda kowane shagon tela yana share buhun ƙyallaye ana ƙonawa.

Don haka roƙona ga teloli shi ne ku ware buhu guda ku daina ƙonawa, ku ba makarantar unguwa ko ƙungiyar mata. Malaman makaranta, ku sa kowane aji ya fitar da layin da makarantar take, a baje a ranar ba da sakamako iyaye su gani. Iyayenmu mata, ku da kuka san yadda garin yake kafin a yi kwalta, ku zauna da jikokinku ku nuna musu inda kowane abu yake, su yanka, ku ɗinka.

   Mai tambaya ko gyara, bismillah, ga makirufo nan, kuma ina so a fara ba teloli.